Fatun Layya

Zulaiha ba ta taɓa jeme fata da hannunta ba, amma kusan duk maganar da ake yi a majemar ta bakinta take bi.

Majemar tana kan hanyar Wamakko, inda gidajen bulo suke ƙarewa gonakin gero su fara. Masu ita wasu 'yan ƙasar Holan ne. Suna sayen fatun jar akuya da na tumaki, a jeme su a nan Sakkwato, a loda a kwantena a kai wa masu ɗinka jaka da takalma a Turai. An ɗauki Zulaiha ne don ta kula da hulɗar kamfani da dillalan fata, amma da yake ita ce mai Turanci da Hausa duka a bakinta, sai ta zama tafinta a kowane zama.

Manajar wurin wata doguwar Baturiya ce mai suna Saskiya. Ma'aikata suka kasa sunan, suka mai da shi Madam Zakiyya, ita ma ta riƙa amsawa. Ba muguwa ba ce. Ita ta sa aka gina wa mata wurin alwala nasu, kuma in wani ya ji ciwo a bakin inji da motarta take kai shi asibiti. Sai dai gaisuwarta kalma ɗaya ce, tana tafiya tana yin ta. Takan ce a ƙasarsu ƙaramin ma'aikaci yana iya duban shugabansa ya ce masa ya yi kuskure, a tashi daga taro kuma su sha shayi tare.

Akwai Mista Filai, mutumin kudancin Indiya, wanda yake haɗa magungunan jima. Ya daɗe a majemun Kano kafin ya zo Sakkwato, har ya kama Hausa gwargwado. Sai kuma Alhaji Maccido, babban dillalin fata na garin, wanda yawancin abin da majemar take jemewa daga sitonsa yake fitowa. Aminin mahaifin Zulaiha ne. Shi ya tsaya a kan komai lokacin da mahaifin ya rasu, shi ya sa ba ta kiransa da wani suna sai Baba.

Ana gab da Babbar Sallah aka dawo wa kamfani da labari marar daɗi. Masu saye a Turai sun ƙi karɓar kayan da aka tura musu, sun ce fatun duk yankan wuƙa ne da tabon ruɓa. Saskiya ta kira taro. Alhaji Maccido ya zo da yaransa na kasuwa biyu, suka zauna a bayansa. Akwai kuma shugabannin sassan majemar, da Gazali mai kula da motoci da leburori.

Saskiya ta shigo rungume da fatu, ta zube su a kan tebur. Ta ɗauki guda ta ɗaga ta saitin taga. Haske ya ɓullo ta wurare da dama.

Ta dubi Alhaji ta ce da Turanci, "Waɗannan daga sitonka suka fito, ga alamarka a jiki. Mutanenka ba sa dubawa, kai ma ba ka duba su. Wannan aikin banza ne, kuma ya kusa kashe mana kamfani."

Ta juyo ga Zulaiha tana jiran ta fassara.  Zulaiha ta dubi yaran Alhaji da suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Baba, ta ce an samu 'yar matsala ga wasu hwatun, tana son a dubi yadda za a gyara."

Alhaji ya miƙa hannu aka ba shi fatar. Ya shafa ta, ya juya bayanta, ya ajiye. 

Saskiya ta ci gaba ta faɗi abin da ta tsara. A wannan Sallar kamfani ba zai jira dillalai ba. Zai fitar da motocinsa ranar layya su zaga unguwanni da masallatai, su sayi fatu kai tsaye daga hannun jama'a, a kawo majema a sa musu gishiri a gaban idonta. Ta ce ta haka ne kawai za ta san abin da take turawa.

"Ba na yanke hukunci ni kaɗai," in ji ta. "Zan tambayi kowa. Wanda yake ganin da gyara ya faɗa yanzu. Da mun fita ƙofar nan, magana ta zama tamu duka."

Ta fara da Mista Filai. Ya kaɗa kai gefe da gefe, irin kaɗawar nan tasa da ba ka cewa e ce ko a'a.

Ya ce, "Za mu yi iya ƙoƙari, Madam. Zai ɗan yi wuya."

"Komai yana da wuya," in ji ta. "Na gode."

Gazali ya ce duk abin da aka umarce shi zai yi. Aka zo kan Alhaji Maccido. Zulaiha ta bayyana masa tsarin, tana zaɓen kalmomi.

Ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Tau. Kamfani naku na, ku ad da iko. Allah shi ba da sa'a."

Zulaiha ta san abin da wannan yake nufi, haka duk wani Basakkwace da ke ɗakin. Amma abin da ta ce wa Saskiya shi ne, "Ya ce hukunci naki ne, yana yi mana fatan alheri."

"Ke fa, Zulaiha?"

In ta ce tsarin yana da kyau, ta juya wa Baba baya a gaban yaransa. In ta ce ba shi da kyau, ta goyi bayan ruɓaɓɓun fatun da kowa ya gani da idonsa. Ta ce, "Sai mu gwada mu gani."

"Madalla," in ji Saskiya. "Kowa ya yarda."

Bayan an watse Mista Filai ya tare ta a bakin ɗakin magunguna, ya ja ta gefe. Cikin Hausarsa mai karkacewa ya ce abin nan ba zai yiwu ba. Gishirin da ke sito ba zai isa ba, kuma fatar da ta wuni ba gishiri a zafin nan na farkon damina ta gama lalacewa. Ya ce mutanen Alhaji suna nan a kowace unguwa da buhunansu, ana fiɗa suna barbaɗawa. Mota huɗu ba za ta yi abin da mutum ɗari suke yi ba.

"To me ya hana ka faɗa mata?" in ji Zulaiha.

Ya zaro ido. "Na faɗa mata mana. Na ce zai yi wuya. A wurinmu ba a ce wa shugaba a'a a gaban mutane. In ka ce zai yi wuya, shi ya san ya kira ka daga baya ya tambaye ka. Ke ki gaya mata, tana jin maganarki, amma kada ki ambaci sunana."

Washegari Zulaiha ta shiga ofishin Saskiya. Ta gaishe ta, ta tambayi lafiyar mahaifiyarta da aka ce an yi wa aikin ido, ta yi maganar ruwan da aka yi. Saskiya tana amsawa idonta na kan kwamfuta. Can ta ɗago.

"Zulaiha, akwai matsala ko babu?"

"Ina ganin da za ki ɗan leƙa Alhaji a gida, da ya yi kyau."

"Don me? Ai ya yarda. Ke kika faɗa mini."

"Babban mutum ne. Yadda aka yi maganar jiya..."

"Fatun na soka, ba shi ba. Ba ni da rigima da shi." Ta cire tabarau ta murza ido. A lokacin Zulaiha ta lura da yadda ta faɗa. "Bari in gaya miki abin da ban faɗa a taro ba. In aka sake dawo mana da kaya, masu kamfani rufe wurin nan za su yi. Sun faɗa mini ƙarara. Dubi matan nan da ke tsakar gida suna ware fata. Su nake tunani, ba girman wani ba. In kina da hujjar cewa tsarin ba zai yi aiki ba, kawo ta, zan saurara."

Zulaiha ba ta da abin da Saskiya take kira hujja. Abin da take da shi kawai yadda dattijo ya gyara riga ya ce tau. Maganar gishiri kuwa ta Mista Filai ce, kuma ya roƙe ta kada ta ambaci sunansa. Ta ce babu komai, ta fita.

Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi gidan Alhaji, can kusa da Hubbare. Lungun cike yake da baƙi masu ziyara da masu sayar da tasbaha da turare. Ta same shi a zaure a kan darduma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mahaifiyarta da mutanen unguwarsu ta Gidan Dare ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari wurin gyara maganatta. Amma na yi shekaru ina kai kaya Ikko. Na ji abin da tac ce."

Zulaiha ta sunkuyar da kai.

"Kuma ba ƙarya tay yi ba," in ji shi. "Mahautan yanzu sauri su kai. Yaro shi fiɗe akuya awa ana koro shi. Ni kaina na daɗe ina faɗa da su. Da ta kira ni daga ni sai ita, ta nuna min, wallahi da na tara su na ci mutuncinsu. Amma gaban yarana? Waɗanda ni ka ba umarni?"

"Baba, ba ta san haka abin yake ba. Can ƙasarsu..."

"Nan ba ƙasarsu ta ba." Bai ɗaga murya ba. "Ba ni faɗa da ita. Ba ni hana kowa shi sai mata da hwata. Hannuna kawai zan janye."

Zulaiha ta san janye hannun nan ya fi faɗa muni. Ta ce ko zai yarda ta gaya wa Madam yadda ya ji.

"A'a. Abin da nic ce, ɗiyar aminina nig gaya ma, ba ma'aikaciyar kamfani ba. Ba a zuwa a ce Maccido ya kai kuka wurin Baturiya."

Haka ta koma gida da magana biyu a cikinta, ta Mista Filai da ta Baba, kowacce an ɗaure mata baki a kanta.

Ranar Sallah motoci suka fita bayan an sakko daga idi. Zulaiha ta bi ta Gazali. Masallacin farko da suka je, fatu ne tuli a gefen katanga, jama'a sun kawo sadaka kamar yadda aka saba. Shugaban kwamitin masallacin ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwa da soyayyar hanta. Da Gazali ya faɗi abin da ya kawo su, sai shugaban ya ce ai sai liman ya dawo. Suka je na biyu, aka ce an riga an yi wa wani alkawari. A na uku suka tarar da wani yaron kasuwar Alhaji ya riga ya shimfiɗa fatun yana zuba gishiri. Ya gaishe su cikin ladabi ya ci gaba da aikinsa.

Ba wanda ya kore su, ba wanda ya ɗaure musu fuska. Mutane dai sun san wanda suke ba wa fatunsu tun zamanin iyayensu, kuma sun san shi ne yake zuwa musu jana'iza da suna.

Suka koma bin gida gida. A nan suka samu, da yawa ma, don kamfani ya sa farashi mai kyau. Sai dai fatun gida ba kamar na masallaci ba ne. Wata an yar da ita a rana tun safe, wata an cusa ta a leda an ƙulle, in ka buɗe sai tururi mai wari ya buge ka. Leburorin da ke kan motocin ba su san ta kirki ba, duk abin da aka miƙo karɓa suke yi suna jibgawa. Kafin mota ta cika ta fita daga cunkoson cikin gari ta isa hanyar Wamakko, na ƙasa sun yi zafi kamar an dafa su.

A majema kuma rabin ma'aikata ba su zo ba. Saskiya ta ninka ladan aikin ranar, ta ɗauka wannan ya isa. Ba wanda ya gaya mata cewa mutumin da uwarsa ke ƙauye ba zai yi Sallah a bakin kududdufin jima ba, ko nawa za a ba shi. Sun ce mata to, suka tafi.

Kashegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata mota ta kafe a laka da kaya a cikinta. Kafin azahar gishiri ya ƙare, kasuwa kuma a rufe. Gazali ya zaga wurin masu sito, aka ce masa duk wanda ke ƙasa mutanen fata sun riga sun kwashe tun kafin Sallah, kamar kowace shekara.

Saskiya ta sa takalmin roba ta shiga cikin matan da suka zo. Babbarsu ita ce Lantana, wata dattijuwa mutuniyar Wamakko da ta daɗe tana ware fata a wurin. Tare suka riƙa shimfiɗawa suna kankare kitse, suna tattara gishirin da ya zube a ƙasa suna sake barbaɗawa. Hannun Saskiya ya tsattsage, ba ta tsaya ba. Zulaiha ma ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta shiga.

Can Lantana ta ɗauki wata fatar rago ta ja gashin da yatsa biyu. Ya biyo hannunta ba wuya, ya bar fatar tana naso. Ta ɗauki wata, haka. Ta dubi Zulaiha.

"Ɗiyata, gaya ma Madam Zakiyya ta huta. Waɗanga sun tahi."

Wannan karon ba sai an fassara ba. Saskiya ta ja gashin da kanta, ta tsaya tana kallon abin da ya maƙale mata a yatsu.

Warin ya kai har gidajen da ke bakin hanya. Mai unguwa ya aiko, daga baya ya zo da kansa. Aka ɗauko motar haƙa ta yi rami a bayan majema, aka tura fiye da rabin abin da aka sayo, aka zuba farar ƙasa aka rufe.

Bayan hutun Sallah Saskiya ta yi doguwar magana da masu kamfani ta kwamfuta, ƙofa a rufe. Da ta gama ta kira Zulaiha da Mista Filai su biyu kawai. Hannayenta duk filasta.

Ta ce, "Gazali ya gaya mini kowa a majemar nan ya san haka za ta faru. Har masu gadi. Gaskiya ne?"

Mista Filai ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ku. Ɗaya bayan ɗaya na tambaye ku."

"A gaban mutane kika tambaye mu, Madam," in ji Mista Filai a hankali. "Na ce miki zai yi wuya."

"Wuya ba ita ce ba zai yiwu ba!"

"A wurina ita ce."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta juyo. "Alhaji fa? Kin ce ya yarda."

"Na ce ya ce hukunci naki ne," in ji Zulaiha. "Abin da ya faɗa ke nan. Amma in dattijo ya faɗi haka a nan, ya fita daga maganar ne. Kuma abin da kika ce masa, ba haka na mayar masa ba. Na rage. Shi kuwa yana jin Turanci, ya ji komai."

"Kin rage."

"Kullum ina ragewa. Naki da nasu duka. In ban rage ba, da tuni ba mai zama ɗaki ɗaya da wani."

Saskiya ta zauna.  Da ta buɗe baki muryarta ta sauka. "Ke nan tun da na zo garin nan, da wa nake magana? Da su ko da ke?"

Zulaiha ta ji hawaye na neman zubo mata, ta danne. Ta so ta ce ta zo ofishin nan da ƙafarta aka nemi ta kawo hujja. Ta so ta ce mutum ba ya zuwa garin mutane ya ce sai sun koyi irin bakinsa. Amma ta tuna ramin da ke bayan majema, ta san ita ma da hannunta a ciki.

"Kai ni wurin Alhaji," in ji Saskiya. "Kuma duk abin da na faɗa, ki faɗa masa yadda yake. Nasa ma haka."

Suka je da la'asar. Saskiya ta yafa mayafi, ta cire takalmi a bakin zaure ba tare da an ce mata ba. Alhaji ya sa aka shimfiɗa musu kilishi, aka kawo fura da naman Sallah. Zulaiha ta riga ta gargaɗe ta a mota cewa kada ta fara maganar aiki sai an gama gaisuwa. Ta daure, ana ta tambayar gajiya da ruwa da mutanen gida, tana amsawa tana murza yatsu.

Da lokaci ya yi ta ce, "Na yi kuskure da na yi maka magana a gaban mutanenka. Ban san nauyin abin ba. Ina ba ka haƙuri." Zulaiha ta mayar. Saskiya ta ƙara da cewa, "Amma fatun da ka kawo mana ba su da kyau. Wannan ban janye ba."

Zulaiha ta sunkuyar da kai. Ta faɗa masa kamar yadda aka faɗa, kalma da kalma. Ba ta taɓa yi wa Baba magana irin wannan ba tun da aka haife ta.

Alhaji ya dube ta, ya dubi Baturiyar. Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba.

"Gaya mata na ji, kuma na haƙura. Gaya mata hwatun ba su da kyau, gaskiya ta. In tana so, in tara mata mahauta, Ba'indiyen nan nata shi nuna musu abin da Turawa ka so." Ya dakata. "Amma gaya mata kayan bana sun tahi. Wani mutumin Kano yaz zo tun kahin Sallah, na yi mai alkawari. Ba ni tashe shi."

Da Zulaiha ta fassara, Saskiya ta matso gaba. Ta ce ko rabi ne, za ta ƙara a kan abin da mutumin Kano ya bayar. Ta ce in ba kaya, ba aiki, kuma mutanen garinsa ne za su zauna a gida.

Wannan ya taɓa shi, Zulaiha ta gani a fuskarsa. Ya daɗe yana jan tasbaha.

"Na sani," in ji shi. "Cikinsu akwai waɗanda ni na kai su aikin. Amma in na karya alkawari bana, baɗi ba mai ba ni hwata bisa amana, ita ma ba ta samu. Abin da ya rage min a sito kaɗan na. Ta aiko a ɗauka."

Ya rako su har bakin lungu, abin da ba ya yi wa kowa. A mota Saskiya ta ce, "Da na zo nan tun farko, da awa ɗaya ta ishe mu." 

Abin da aka ɗauko daga siton Alhaji bai kai ya riƙe majemar ba. Masu kamfani ba su rufe ta gaba ɗaya ba, amma suka ce a tsayar da sashen ware fata da na wanki har sai wata shekara, in an ga hali. Saskiya ta yi ta jayayya da su, ba su saurare ta ba. Su ma sun tambaye ta tun farko ko mutanenta sun yarda da tsarin, ta ce musu kowa ya yarda.

Ranar da aka sallami ma'aikatan, Zulaiha ta tsaya a bakin ƙofa suna fitowa. Wasu suka gaishe ta, wasu suka wuce kamar ba su gan ta ba. Lantana ce ta fito a ƙarshe da ƙullin kayan aikinta a ka. Ta tsaya.

"Ɗiyata, ni dai ban gane ba. Madam ta yi aiki, da idona nig gani. Alhaji mutumin kirki na. Ba'indiye bai taɓa ɗaga muna murya ba. To wa yay yi muna wanga abu?"

 Zulaiha ta ce, "Inna, sai haƙuri."

"Haƙuri kam dole." Lantana ta gyara ƙullin. Ta ce ƙanenta yana da fadamar shinkafa a Wamakko, yanzu lokacin cire ciyawa ne, za ta je ta ga ko bayanta zai iya. Jikokinta uku ne a hannunta, ba ta da damar zama. "In an buɗe, ki aiko a gaya min. Kar ki manta da ni don na tsuhwa."

"Ba zan manta ba, Inna."

Lantana ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota tare da sauran matan. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Zulaiha ta tsaya har wata tsohuwar bas ta zo ta kwashe su, sannan ta koma ciki. Tsakar majemar shiru, injin ɗaya kawai yake juyi.